Dutse ko Birni: Ina Ɗalibi Zai Nufa da Ɗan Hutunsa a Ƙasar Waje?

Ɗalibin da ke karatu a ƙasar waje yakan samu ɗan gajeren hutu na kwana uku zuwa biyar a tsakiyar zango, sai kuma dogo bayan jarrabawa. Kuɗin hannunsa ba su isa ya yi duk abin da ransa ke so ba, don haka abokai sukan rabu gida biyu. Wasu su ce a ɗauki jakar goyo a nufi tsaunuka da dazuzzuka, a kwana a tanti ko a bukkar dutse. Wasu su ce a hau jirgin ƙasa a sauka a wani babban birni, a bi gidajen tarihi da tsofaffin unguwanni da kasuwanni. Sau da yawa hoton da aka gani a Instagram ne ke yanke hukunci, alhali hoto ba ya faɗin sa'a nawa aka yi ana hawa, ko nawa aka biya a bakin ƙofa.

Tambayar da muke so ka fara yi wa kanka ita ce: idan abu ya lalace, me zan rasa, kuma yaushe taimako zai iso ni? A birni, wanda jirgi ya tashi ya bari, ko aka zare wa waya a cunkoso, ya yi asarar kuɗi da kwanciyar hankali, amma ga ɗan sanda, ga asibiti, ga wani jirgin gobe. A kan dutse kuwa, wanda ya makara da sa'a biyu dare ne zai rufe shi a inda babu fitila, babu sabis, sanyi kuma sai ƙaruwa yake yi. Wannan bai sa birni ya fi dutse ba. Birni dai yana ɗauke wa baƙo rashin shiri, dutse ba ya ɗaukewa.

Takardun da ke hannunka

Nan ɓangarorin biyu sun yi daidai, kuma nan ne tafiya da yawa ke mutuwa tun ba a fara ba. Mai katin izinin zama na ɗalibi a wata ƙasar yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da suka ɗauke shingen binciken fasfo a iyakokin da ke tsakaninsu, zai iya shiga sauran ƙasashen yankin na kwana 90 cikin kowane kwana 180. Birtaniya da Ailan ba sa cikin yankin, saboda haka ɗalibin da ke Jamus bai samu izinin shiga Landan da katinsa na Jamus ba, na Landan ma bai samu na Faris ba. Kowa ya duba abin da fasfonsa ke buƙata. Idan katin zamanka yana hannun hukuma ana sabunta shi, ka tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arka kafin ka sayi tikiti, domin ba kowace takardar wucin gadi ce ke ba da damar fita da dawowa ba.

Rashin shinge a kan iyaka bai ɗauke dokar ba. Hanyar da ke kewaye tsaunin Mont Blanc, mai tsawon kilomita kusan 170, tana ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan, kuma mutum zai tsallake iyaka a ƙafa bai ga jami'i ko ɗaya ba. Duk da haka fasfo da katin zama su kasance a jiki, cikin leda mai zif don kada ruwa ya taɓa su.

Inda suka bambanta shi ne inshora. Inshorar lafiyar ɗalibi da ta tafiye-tafiye ta yau da kullum sukan wadatar a birni. A dutse sai ka karanta takardar da kyau, ka nemi abu biyu: iyakar tsayin da ta amince da shi, da ko ta haɗa da nema da ceto. Da yawa sukan tsaya a mita 2,000 ko 3,000, wasu kuma ba sa biyan ceto ko kaɗan. A Birtaniya 'yan sa kai ne ke ceton masu hawan dutse kuma ba sa karɓar kuɗi, amma a Ostiriya da Suwizalan wanda jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko shi ake aika wa takardar biya, kuma takan kai dubban yuro. Rajista da ƙungiyar masu hawan tsaunuka ta Jamus ko ta Ostiriya tana zuwa da inshorar ceto da rangwamen kwana a bukkokin ƙungiyar, matasa kuma suna biyan kuɗin rajista ƙasa da na manya.

Kuɗin, da yadda suke fita

Ana yawan cewa dutse ya fi araha saboda ba a sayar da iska. Gaskiya ne a tafiya ta biyar, ba gaskiya ba ne a ta farko. Kuɗin dutse a gaba suke fita, lokaci guda: takalmi, rigar ruwa, jaka, tocila, in da kwana kuma tanti da jakar barci da shimfiɗa. Kuɗin birni kuwa kamar tulu mai yoyo suke, kaɗan-kaɗan, ba ka ankara sai rana ta uku: tikitin nan, kofin shayi can, kuɗin ajiye jaka a tasha, harajin kwana da birane da yawa ke ɗora wa baƙo a kan kuɗin ɗaki.

Amma ɗalibi yana da ƙofofin sauƙi a birni waɗanda sauran matafiya ba su da su. Gidajen tarihi na British Museum da National Gallery a Landan kyauta ake shiga zaurukansu na dindindin, haka gidajen tarihin Smithsonian a Washintan. Gidan tarihin Louvre a Faris ba ya karɓar kuɗi daga 'yan ƙasa da shekara 26 mazauna ƙasashen yankin tattalin arzikin Turai, kuma zama ne sharaɗin, don haka katin zamanka shi ne hujjarka. Katin makaranta mai ɗauke da shekara da hoto yana samar da rangwame a wurare da dama. Inda ba a gane shi ba, katin ɗalibai na duniya na ISIC yakan yi aiki. A Jamus akwai tikitin sufuri na Deutschlandticket tun 2023, wanda ke aiki a motocin birni da jiragen ƙasa na yankuna a duk ƙasar, ban da jirage masu gudu irin su ICE. Jami'o'i da yawa sun sa shi cikin kuɗin zango, wataƙila yana wayarka ba ka sani ba. Wanda ya saya da kansa ya tuna cewa biyan wata-wata ne mai sabunta kansa, kuma sai an soke kafin 10 ga wata ake tsira daga kuɗin wata mai zuwa. Wannan tikitin yana yi wa ɓangarorin biyu aiki, don jiragen yankuna ne ke kai mutum ƙauyukan da hanyoyin dutse ke farawa.

Tikitin jirgin sama mai rahusa yana buƙatar lissafi na biyu. Filin jirgin sama na Beauvais da ake sayarwa da sunan Faris yana da nisan kilomita kusan 85 daga birnin, na Hahn kuma kusan 120 daga Frankfurt. Ka haɗa kuɗin motar da za ta shigar da kai gari, da kuɗin jaka, sannan ka gwada da jirgin ƙasa ko motar dare. Araha ba ta ado. Ga mai zuwa dutse abin ya fi tsanani: wuƙa da turakun tanti da sandunan tafiya galibi ba sa wucewa a jakar hannu, dole a biya kuɗin jakar awo, gwangwanin gas na girki kuma ba ya hawa jirgin sama ko ta wace hanya, sai an saya a can. Batirin ajiya na cajin waya akasin haka ne, a jakar hannu kawai ake yarda da shi.

Idan na'urar cirar kuɗi ko ta shago ta tambaye ka ko a cire da kuɗin ƙasar da kake ciki ko da kuɗin katinka, zaɓi na ƙasar da kake ciki. Canjin da na'urar ke yi da kanta kusan kullum ya fi na bankinka tsada. Bukkokin dutse da dama kuma ba sa karɓar kati, sai tsaba.

Lissafin lokaci

A birni lokaci na hannun masu ƙofa. Gidajen tarihi da yawa a Turai ba sa buɗewa ranar Litinin. Louvre da fadar Topkapı ta Istambul ranar Talata suke rufewa, babbar kasuwar Istambul mai rufi kuma ranar Lahadi. Tsohuwar fadar Alhambra a Granada ta Sifaniya tana sayar da tikiti da sunan mutum, da sa'ar shiga fadojin Nasrid a rubuce. Wanda ya makara ya rasa, kuma a lokacin cunkoso tikitin kan ƙare makonni kafin ranar. Manyan wurare biyu a rana sun isa, ɗaya da safe ɗaya da yamma, a unguwa guda in zai yiwu. Mai jera biyar a takarda zai ƙare da zaman jirgin ƙarƙashin ƙasa da tsayuwar layi, ya koma bai tuna abin da ya gani ba. Kada kuma a ɗauka yawon birni hutu ne ga ƙafa. Yini ɗaya cikakke yakan kai kilomita 12 zuwa 18 a kan daɓe mai tauri, kuma sabon takalmi yana yin bororo a titi kamar yadda yake yi a dutse.

A dutse lokaci na hannun rana, kuma lissafinsa ya cancanci a zauna a kansa, don shi ne ya fi jefa sababbi cikin wahala. Akwai tsohuwar ƙa'ida da wani ɗan Sikotilan mai suna William Naismith ya kawo a 1892: sa'a ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara sa'a ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Ɗauki hanya mai kilomita 12 da hawan mita 900. Nisan zai ci sa'a biyu da minti 24, hawan sa'a ɗaya da rabi, jimla kusan sa'a huɗu. Wannan na mai ƙarfi ne da bai tsaya ba. Sabon shiga ya ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda hutu da cin abinci da ɗaukar hoto, ya zama sa'a biyar da kwata. Yanzu duba faɗuwar rana. A Edinbura cikin Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, a Yuni kuwa sai wajen goma na dare. Wanda ya fara wannan hanya ƙarfe goma na safe a Disamba bai da ko sa'a ɗaya ta rara, kuma ɓatan hanya sau ɗaya ya cinye ta. A Yuni hanyar nan ɗaya ce, amma da rarar fiye da sa'a shida.

Saboda haka ka sa wa kanka lokacin juyawa tun kana ƙasa: ƙarfe kaza in ya yi, ko ƙololuwa tana gabana ina kallonta, na juya. Ka faɗa wa abokan tafiya da baki kowa ya ji, domin a sama, ga gajiya ga kwaɗayin isa, ba a iya yin wannan shawara da hankali. Saukowa kuma ba kyauta ba ce. Gwiwa da idon sawu a nan suka fi shan wuya, kuma yawancin zamewa da targaɗe a hanyar dawowa suke faruwa, lokacin da ƙafa ta gaji, hankali ya riga ya koma gida.

Nisan da manhajar taswira ta nuna shi kaɗai ba ya faɗin komai, sai an haɗa da hawan da ke ciki da matakin wuyar hanyar. A Suwizalan allon rawaya zalla na hanyar tafiya ce ta kowa, mai fari-ja-fari ta dutse ce da ke son takalmi mai riƙo da ƙafa mai tabbas, mai fari-shuɗi-fari kuma ta ƙwararru ce, ba ta sabon shiga ba. Sa'o'in da aka rubuta a allon ba su haɗa da hutu ba.

Kakar shekara ma tana yanke hukunci da kanta. Bukkokin tsaunukan Alps galibi daga tsakiyar Yuni zuwa cikin Satumba suke buɗe, kuma dusar ƙanƙara kan daɗe a mashigai masu tsayi har farkon bazarar can. Tsaunin Fuji na Japan, mai mita 3,776, daga Yuli zuwa farkon Satumba ake hawansa, kuma tun 2024 ana biyan kuɗi ana kuma ƙayyade yawan masu bin hanyar Yoshida. Idan hutunka ya faɗo tsakanin Nuwamba da Maris a ƙasashen arewa masu sanyi, kuma ba ka taɓa tafiya a ƙanƙara ba, ka zaɓi birni kai tsaye. Lokacin ne ma layuka suka fi gajarta, ɗakuna suka fi sauƙi, ban da makon ƙarshen shekara.

Abin da za ka ɗauka a baya

Birni ba ya neman abu mai yawa: jaka ta lita 20 zuwa 30, takalmin da ƙafa ta saba da shi, ƙaramin kwaɗo na kulle akwatin masaukin haɗaka, mahaɗar soket ta ƙasar, da hoton fasfo da katin zama a ajiye a imel.

Dutse yana neman a fahimci dalilin kowane kaya. Zafin iska na raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000 ta hawa. Idan kwari mai tsayin mita 500 yana kan digiri 24, ƙololuwa mai mita 2,500 tana wajen 11, kafin a sa iska a lissafi. Mutum ya hau yana zufa, rigar auduga ta jiƙe ta manne, ya tsaya hutu iska ta buge shi, sai jiki ya fara zubar da ɗuminsa da sauri. Da zarar zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari, kuma wannan na faruwa ko babu ƙanƙara. Alamunsa rawar ɗari mai tsanani, hannu ya kasa zuge zif, magana ta fara harɗewa, mutum ya yi ta tuntuɓe. Shi ya sa ake sa kaya hawa uku: ta ciki ta ulu ko ta zaren roba mai saurin bushewa, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje mai tare ruwa da iska. Wandon jins da rigar auduga su zauna a masauki. Hula da safar hannu ba su da nauyi, a sa su ko da rana tana ƙwallewa a ƙasa. Zafin hasken rana a fata kuma yana ƙaruwa da tsayi, don haka man kare fata da tabarau na kowa ne, komai launin fatarsa.

Ruwa a lissafa rabin lita a kowace sa'a ta tafiya, fiye da haka in ana zafi. Tafiyar sa'a biyar lita biyu da rabi ke nan, wato kilo biyu da rabi a baya. Ruwan rafi, komai kyansa a ido, a tace shi ko a tafasa na minti ɗaya, minti uku idan an haura mita 2,000, musamman inda dabbobi ke kiwo a sama. Sai tocilar goshi ko da ba a yi niyyar kai dare ba, usur, filastar bororo, bandeji mai naɗewa, bargon leda na gaggawa, da abinci fiye da na buƙata. A sauke taswira a waya don ta yi aiki ba intanet, a tuna kuma sanyi na shanye batiri, wayar ta zauna a aljihun ciki. Jakar yini kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinka, ta kwanaki kuma kada ta wuce kashi 20.

Kwana a waje yana da doka, kuma ƙasa da ƙasa sun sha bamban. Nowe ta yarda a kafa tanti a filin da ba a nomawa har kwana biyu, muddin an yi nisan mita 150 daga gidan da ake zaune. Suwidin tana da irin wannan 'yanci, Sikotilan ma ta tabbatar da shi a dokarta ta 2003. A mafi yawan Ingila sai da izinin mai fili, a dazuzzukan Jamus kuma galibi haramun ne, da tara. Bukkar dutse ta ɗauke maka nauyin tanti da girki, amma sai an kama gado tun da wuri, ana son ka zo da siririn zanen barci naka, kuma shararka da kai za ta sauko.

Inda ake samun matsala

Matsalolin birni sanannu ne kuma maganinsu kusa yake. 'Yan sane sun fi aiki a ƙofar jirgi daidai lokacin rufewa, da kan matakala mai tafiya, da inda wani ya tare ka da takardar sa hannu ko ya zuba maka wani abu a riga yana ba da haƙuri. Waya da kati su koma aljihun gaba, jaka ta dawo ƙirji a cunkoso, kuma kada a haɗa katunan banki biyu wuri ɗaya. Tikitin takarda a Italiya da wasu biranen Jamus sai an buga masa hatimi a ƙaramar na'ura kafin a hau. Wanda ya saya bai buga ba daidai yake da marar tikiti, kuma a Jamus tarar yuro 60 ce. Kafin ka kama ɗaki mai araha a bayan gari, duba lokacin jirgin ƙarshe, don tasi ɗaya ta tsakar dare ta isa ta cinye rarar kwana uku. Motar dare tana rage kuɗin ɗaki, amma takan karɓi rabin washegari. Ɗaliba mai tafiya ita kaɗai za ta samu ɗakunan mata zalla a yawancin masaukan haɗaka, a nema lokacin kama gado. Mafi nauyi shi ne ɓatan fasfo: rahoton 'yan sanda, ofishin jakadanci, takardar tafiya ta gaggawa, sannan neman sabon katin zama, abin da zai iya cin makonni daga karatu.

Na dutse ba su da yawa a ƙidaya, amma kowanne babba ne. A tsaunuka masu tsayi hadari ya fi haɗuwa bayan tsakar rana a watannin zafi, don haka ake fita da sassafe a bar ƙololuwa kafin nan. Ƙidaya daƙiƙoƙi tsakanin walƙiya da tsawa, kowane uku kilomita ɗaya ne. In ba su kai 30 ba, ka sauka daga tudu, ka nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Hazo na iya rufe hanya cikin mintuna, kuma wanda ya ɓata ya koma alamar ƙarshe da ya gani, kada ya yanke ta gangare da tunanin ƙasa dai ƙasa ce, don gangaren kan ƙare a bakin gaɓa. A dazuzzukan tsakiyar Turai da arewa maso gabashin Amurka akwai kaska mai ɗauke da cutar Lyme. A duba jiki da yamma, a cire ta da hantsaki daga kusa da fata, a miƙe ba murɗawa, in kuma jan zobe ya bayyana yana faɗaɗa a ga likita. Saniya mai ɗan maraƙi a makiyayar dutse a kewaye ta daga nesa.

Ciwon tsayi ya fi kowanne yaudarar matasa, domin ƙarfin jiki ba ya hana shi. Yakan fara daga mita 2,500: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci. Ƙa'idar likitoci ita ce bayan mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya. Dubi Toubkal na Maroko, mai mita 4,167, wanda ake tallatawa a matsayin tafiyar kwana biyu daga Marakesh. Ana tashi daga ƙauyen Imlil a wajen mita 1,800, a kwana a bukka a wajen mita 3,200, da asuba a hau ƙololuwa. Wanda ya kwana Marakesh jiya ya kwana bukkar yau ya yi tsalle mai girma ƙwarai, kuma kwana ɗaya a Imlil kafin hawa yana rage wahalar sosai. Hukuma ta wajabta tafiya da jagora a can, haka ma a Kilimanjaro na Tanzaniya mai mita 5,895, inda hanyoyin kwana bakwai ko takwas suka fi na kwana biyar ba jiki damar sabawa. Wannan ba aikin gajeren hutu ba ne. Idan ciwon kai ya ƙi sauka, kada a ƙara hawa. Idan mutum ya fara tangaɗi, ko numfashi ya gagare shi yana zaune, a sauko da shi nan take, ko da dare ne.

Lambar gaggawa a Tarayyar Turai 112 ce, a Amurka da Kanada 911. A Birtaniya a kira 999, a nemi 'yan sanda, sannan a ce ceton dutse ake so. Inda babu sabis, alamar neman taimako a tsaunukan Turai busa shida ce ko hasken tocila shida cikin minti ɗaya, a huta minti ɗaya, a maimaita. Duk wannan yana aiki ne idan wani ya san ka fita. Ka bar wa mutum ɗaya sunan hanyar, da lokacin dawowa, da sa'ar da zai kira hukuma in bai ji ka ba. Fita ta farko kada ta zama kai kaɗai, kuma tafiyar rukuni da saurin wanda ya fi kowa jinkiri ake yin ta.

To wanne?

Abin da kowanne ke bayarwa daban ne. Birni yana ba ka mutane da harshe da tarihi, kuma mai karatun gine-gine ko shari'a ko zane zai ga abin da ya karanta tsaye a gabansa. Mutum na iya yin sa shi kaɗai, ana iya sauya shiri da tsakar rana, ruwan sama kuma ba ya ɓata shi. Dutse yana ba ka abin da ɗalibin da ya yi wata uku tsakanin ɗakin karatu da allon kwamfuta ya fi ƙishirwa: nisan gani, gajiyar jiki mai kawo barci, da abota irin wadda ba a ƙulla ta a aji. Muna son dutse ƙwarai, shi ya sa ba ma son kowa ya fara shi da hanyar da ta fi ƙarfinsa ya tsane shi har abada.

Ga wanda bai taɓa yi ba kuma kwana huɗu ko biyar gare shi, shawararmu ita ce ya zaɓi birnin da dutse ke bayansa. Edinbura tana da Arthur's Seat, mita 251, a cikin gari. Daga Seoul jirgin ƙarƙashin ƙasa da gajeriyar mota suna kai mutum gindin Bukhansan mai mita 836. A Innsbruck taragon igiya yana ɗaukar mutum daga tsakiyar gari zuwa sama da mita 2,200. Keftawun tana da Table Mountain, wanda ake hawa ta kwazazzabon Platteklip cikin sa'a biyu zuwa uku, sai dai taragon igiyar can yakan tsaya idan iska ta yi ƙarfi, don haka mai hawa ya tanadi ƙarfi da ruwa da hasken ranar da zai sauko da ƙafa. A Kapadokiya ta Turkiyya kwaruruwan da ke kewaye da Göreme daga bakin gari suke farawa.

Ranar hawa a sa ta a kwana na biyu, ba na ƙarshe ba, domin in hasashen yanayi ya ɓaci a musanya ta da ranar gidan tarihi ba tare da asarar komai ba. Hasashen da za a duba na tsaunin ne, ba na garin ba, da daddare kuma a sake dubawa da safe. Kaya masu tsada a ara ko a yi haya; jami'o'i da yawa suna da ƙungiyar masu fita daji da ke ba da aron tanti da jaka, suna kuma shirya fita ta yini ɗaya da jagora, wadda ita ce hanya mafi sauƙi ta samun abokan tafiya masu sanin hanya. Takalmi kaɗai ne ba a ara. A saye shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a yi tafiyar da ita, a bar sararin faɗin babban yatsa a gaba saboda gangare, sannan a yi mako biyu ana zuwa aji da shi kafin ranar fita.